Littafin Inna da Goggo

Laburaren makarantarmu ta firamare a Illela kabad ce guda ɗaya ta katako, a kusurwar ofishin Hedimasta. Makullinta na hannun Malamar aji huɗu, siririyar mace mai saurin fushi da saurin hucewa. Ita ta tara littattafan da kanta. Masu shigo da gwanjo ta Konni kan haɗo da damin tsofaffin littattafan Turawa su sayar wa masu tsire don naɗi, ita kuwa takan riga masu tsiren zuwa ta tsince masu hotuna.

Amma littafi ba ya shiga kabad sai ya bi ta hannun dattawa uku: Hedimasta, limamin unguwa, da wani tsohon akawun gwamnati wanda ya fi kowa jin Turanci. Sukan zauna kan tabarma da kwanon ƙaro, irin wanda ake haɗa tawada da shi. Shafin da aka ga mace da kamfai a bakin teku, ko alade a kan teburi, sai a shafa ƙaro a liƙe shi da na kusa. Haka muka tashi da labarai masu giɓi. Yaro zai shiga jirgin ruwa, ka juya shafi mai kauri, sai ka tarar har ya dawo gida. Mun sha ɗaga shafin a rana, ba mu taɓa hango komai ba.

Ina aji huɗu, tsakiyar shekarun 1980, Akawu ya tafi jinya Sakkwato. Sauran biyun suka ci gaba da aiki da hotuna kawai. A nan wani littafi ya wuce: yarinya ɗaya, mata biyu cikin sutura, babu abin liƙewa.

Ni kuwa babana ya rasu ina shekara uku. Inna da Goggo, yayar babana, su suka riƙe ni a gida ɗaya. Duk littafin da na taɓa buɗewa akwai uba zaune da jarida, sai wannan. Mace ɗaya tana taje wa yarinyar kai, ɗayar tana kai ta makaranta. Turancina bai kai ya kawo ba, don haka na raɗa musu Inna da Goggo, na yi ta aronsa mako bayan mako.

Da bakina na jawo. Ranar da Akawu ya dawo, rawar kai ta sa na tare shi da littafin.

"Baba, duba, ga gidanmu cikin littahi!"

Ya sa tabarau ya karanta shafi biyu, fuskarsa ta canza. Matan nan, ashe, zaman miji da mata suke yi. Ba a gaya mini haka ba a lokacin. Abin da na gani kawai shi ne dattawa sun taru, an ce wannan ya fi ƙarfin ƙaro, aka ƙone shi da shara a bayan ofis.

Yara ba sa rasa ƙarin gishiri. Kafin a tashi, magana ta zama an ƙone littafin gidan da babu namiji saboda haramun ne. Wata ta ce mini saura gidanmu. Na yarda da ita, wallahi. Na daina bari Goggo ta raka ni makaranta, na fara jin kunyar mutanen da suka hana kansu ci don in ci.

Kwana uku ban je wajen kabad ba. Malama ta tsare ni lokacin hutun tara.

"Ke, mi yas same ki?"

"Malama, gidanmu ma haramun na?"

Ta ja tsaki har sai da na tsorata. "Wa yac ce miki hakanan? Abin da anka gani cikin littahin can daban, gidanku daban. In kin girma ki gane." Sannan ta jawo sabon littafin rubutu daga jakarta. "Tunda kina son gidanku cikin kabad, zamna ki rubuta shi."

Mako biyu muna yi. Ina rubutu da Hausa ina zane, tana gyara tana faɗa, ta ce akuyar da na zana ta fi kama da kujera. Na sa yadda Inna ke dama fura, da yadda Goggo ta goya ni har asibiti da na yi ƙyanda, Inna na biye da takalmana a hannu.

Da muka gama ba ta saka shi a ɓoye ba. Ta kai shi tabarmar dattawa kamar kowane littafi, ta tsayar da ni a gefe. Kwanon ƙaro na nan a tsakiya. Liman, wanda shi ya sallaci babana, ya daɗe a shafin ƙyanda.

"Wanga riƙon marainiya na," in ji shi. "Allah shi saka musu."

Akawu ya ture kwanon da ƙafa, ya ciro jan biro ya gyara mini kalma biyu, don ba ya iya ganin takarda ya ƙyale. Hedimasta ya buga hatimin makaranta a bango.

Na girma na gane abin da suka gani, na kuma gane cewa a ganinsu tsare mu suke yi. Duk da haka nakan tuna yarinyar cikin littafin can, wadda ba ta yi wa kowa komai ba. Malama ba ta iya hana wutar ba, ban ma sani ba ko ta so hanawa. Abin da na sani, ba ta bar ni da tokar ba, kuma har gobe ina yi mata addu'a.

Ranar kasuwa Goggo ta yafa mayafi ta zo ganin littafin, ita da ba ta taɓa karatun boko ba. Ta yi ƙorafin na ƙara mata hanci. Sannan ta lashi yatsa ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, tana murza kowanne a hankali har ta kai ƙarshe.

"Ba su liƙe ko guda ba?"

"Ko guda, Goggo."