Jingar da Haladu Ya Yanka

Ku yaran yanzu, ku ajiye dariya ku saurare ni.

Kun iya latsa waya. Kun iya gyara wa tsoho magana tun bai rufe baki ba. Duk abin da kuka tarar an ajiye, in ba ku ga amfaninsa da idonku ba, shara ne a wurinku.

Ni yaƙi da jahilci kawai na yi. Amma na san ruwa.

Wata rana da rani, na fito neman akuyata, sai na hangi hayaƙi a kan jinga.

Garinmu a bakin kogi yake. Jinga ita ce tudun lakar da iyayenmu suka tara tsakaninmu da ruwa. A kanta suka dasa jema, ciyawar da saiwarta ke nutsewa ƙasa fiye da tsayin mutum. Ita ke ɗaure jingar. Ana yankan ganyenta a yi jinka, amma ba a taɓa gindinta.

Kowane gida da rabonsa na jinga, shi ke kula da shi. Haka muka tashi muka gani.

Da na ƙarasa, sai na tarar da Haladu, ɗan marigayi Malam Tasi'u. Ya gaji gonar ubansa da ke manne da jingar, ya dawo daga birni da sabon injin ban ruwa. Ya ƙone jemar rabonsu, yana tumɓuke saiwar da diga. Ya kuma yanka jingar har ƙasa zai binne bututu. Abokansa uku na zaune suna kallo.

Na ce, "Haladu, ubanka ne ya dasa wannan da hannunsa. Ni na kai musu fura ranar."

Ya ce, "To Iya, me ta haifa masa? Macizai. Shinkafa zan sa a nan."

Na ce, "In ruwa ya zo fa?"

Ya share gumi ya ce, "Rabon gidanmu ne, ba na gidanku ba. Ki je ki nemi akuyarki kafin ta shiga gonar mutane."

Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "A gaida Iya injiniya."

Suka yi dariya.

Ban koma gida ba. Na wuce wurin Baba Ilu, Sarkin Ruwa, na faɗa masa. Ya aika aka kira yaron. Haladu ya durƙusa, ya ce zai cike.

Ya cike kuwa. Da rairayi.

Ya shafe saman, ya baza busasshiyar ciyawa a kai. Manyan gari suka tsaya daga nesa suka duba, suka ce ya yi. Babu wanda ya soka sanda ya ji abin da ke ciki. Su ma ban yafe musu ba.

Shinkafar rani ta yi kyau. Har wasu samarin suka fara cewa su ma baɗi haka za su yi.

Damina ta zo da nauyi. Aka faɗa a rediyo cewa za a saki ruwan dam daga sama. Ga ciyawar kachala ta cushe kogin, ruwa bai da hanyar wucewa. Wannan duk mun saba. Shekara arba'in da aurena a garin nan, ruwa na zuwa ya jingina da jinga ya koma.

Ranar wata Talata da hantsi, ina surfen gero, na ji ƙara kamar katanga ta faɗi.

Ruwan bai haura ko'ina ba. Ta rabon Haladu ya shigo.

Kafin maza su taru da buhunan ƙasa, ɓarakar ta isa babbar mota ta wuce. Kafin azahar, unguwarmu ta zama kogi.

Ina tsaye a kan tudu, da taɓarya a hannuna, ina kallon rumbuna yana narkewa. Geron shekara biyu.

Wata biyu muka yi a azuzuwan firamare. Maƙwabciyata Uwani a ƙarƙashin allo ta haihu. Amai da gudawa suka shigo, muka binne mutum huɗu. Masu agaji suka zo da tabarmi da bokitai, suka ɗauke mu hoto, suka tafi.

Da ruwa ya janye, aka taru a ƙofar mai gari. Dole a toshe ɓarakar kafin wata damina, kuma da laka ake toshewa. Lakar da ta fi kusa tana gonar Haladu.

Baba Ilu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba za mu kai ka ƙara ba, ɗana. Ƙasa ka cire, ƙasa za ka mayar."

Kwana arba'in ana haƙar gonar. Haladu ma da kwando a ka, yana cikin layi, yana ɗibar gadon ubansa yana kaiwa jinga. Uwarsa ta zo ta zauna a bakin gonar ranar farko. Ba ta sake zuwa ba.

Yau wurin kududdufi ne, kwaɗi ke kuka a ciki.

Haladu ƙodago yake yi a gonakin mutane. Kullum da safe ta bakin kududdufin yake bi, domin babu wata hanyar. In ya gan ni yakan durƙusa ya gaishe ni. Ina amsawa, saboda amsa gaisuwa wajibi ne. Daga nan ba na ƙara komai.

Darasi: Kafin ka tumɓuke abin da ka tarar, tambayi wanda ya ga ranar da aka dasa shi. Kuma kada ka ce "rabona ne". Ruwa bai san iyakar gidan kowa ba.

Ku tura wa kowane saurayi mai gona a bakin kogi. Ku tura masa yau, tun digarsa tana rataye.