Igiyar da Na Zura a Ruhewar Baba

Ina aji na biyu a lise, babbar sakandare ta Madawa, mushen lissafi, wato malaminmu, ya ce kowa zai yi binciken kansa, kuma makinsa zai shiga sakamakon shekara. Kafin ya yarda ka fara, sai ka kawo masa tsari a rubuce: tambayarka, kayan awonka, da waɗanda za ka tambaya. 'Yan gari suka haɗu biyu-biyu, uku-uku, suna duba waya. Ni ba waya, kuma ba wanda ya ce in zo. Daga wani ƙauye na gefen Garhanga na fito, ina zaune gidan wani abokin Baba, inda ake kirana Baƙuwa har na shekara biyu. Duk wata Baba yakan aiko musu da buhun hatsi a motar kasuwa don cina, shi ya sa nake cin tuwo ba na sunkuyar da kai.

Kwana uku kayena, littafin rubutuna, na buɗe, babu ko layi ɗaya. A na huɗu na tuna da ruhewa, rumbun nan na laka mai ƙaton ciki kamar tulu, wanda ke tsaye bayan kowane gida a garinmu. Maginanmu ba su san mita ba, amma ka ce musu dami kaza kake so ta ci, su gina maka daidai. Tambayata ke nan: in na auna kewayen ruhewa da tsayinta, zan iya faɗin dami nawa take ci? Na rubuta cewa zan auna goma, in zura igiya da dutse ta bakin kowace in ga inda hatsi ya tsaya, sannan in tambayi mai ita dami nawa ke ciki, in gwada da lissafina. Mushe ya karanta sau biyu, ya ce in jarraba ɗaya a hutun Maris in kawo masa. Ranar har gyaɗa na saya wa kaina.

Boko ya sa na manta abin da 'yar shekara biyar ta sani a garinmu: ba a tambayar magidanci abin da ke cikin ruhewarsa, mace kuwa ko leƙawa ba ta yi. Da na je hutun, gida huɗu na shiga da igiyata. Kowa ya tarbe ni, ya tambayi karatu, ina kawo maganar dami sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya shiga gyaran takalmi. Ƙanen Baba ma dariya ya yi. "Ɗiyata, lakwal ɗin taku yanzu awon asirin mutane taka koya muku?"

Na ji haushi ƙwarai, na ɗauke su duka jahilai. Ƙawayena na dā sun yi aure, ba wadda zan kai wa kuka a kan kewaye da tsayi. Na zauna gindin itacen bedi ina ta naɗe igiya ina warwarewa.

Saura kwana ɗaya in koma, bayan la'asar, Inna ta tafi rijiya, Baba ya fito da tsani.

"In ba ki auna ba, mi za ya hwaru?"

"Ba ni da maki, Baba. Ƙila in maimaita aji."

Ya jingina tsanin da ruhewarsa. "Taho ki auna tawa."

Ya riƙe mini bakin igiya muka zagaye ruhewar, na rubuta. Ya hau ya ɗage hular ciyawar da ke bakinta, ya sauko ya dafe tsanin, na hau. Ban leƙa ba, na kiyaye wannan. Na dai zura dutsen ina ƙirga ƙullin da na yi a kowane rabin mita. Na zaci zai tsaya a na uku. Ya wuce na huɗu, ya wuce na biyar, sai na ji ƙwas, dutse ya bugi laka. Na matsar da igiyar gefe, nan ne ta taɓa 'yan dammai jingine da bango. Ga damina da sauran wata uku, girbi kuwa sai Allah.

Shi ma ya ji ƙarar. Da na sauko yana kallon tsanin, ba ni ba.

"Kin samu abin da kika biɗa?"

"Na samu, Baba."

"To. Innarki ba ta da buƙatar lissahi."

A Madawa na sake tsarin. Na soke zura igiya, na soke tambayar masu gida, na bar awon waje kaɗai. Mushe ya ja layi a gefe da jan biki, alƙalaminsa na gyara, ya rubuta cewa na cire ɓangaren da ya fi ƙarfi, me ya sa? Na ce igiyata ce ta gaza. Ya rage mini maki, amma na wuce.

Ƙarshen watan nan buhu ya iso a motar kasuwa kamar kullum, cike har baki, da ɗinkin Baba a kai. Matar gidan ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ta miƙo mini kwanona. A gidan nan duka ni kaɗai na san daga inda aka kwaso shi, na kuwa cinye, don ba ni da wanda zan gaya wa dalilin bari.