Tsohuwar da Ta Wanke Ɗanta a Motar Argungu

Ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Alhamis muka tashi daga tashar Birnin Kebbi za mu Argungu, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. A bayan motar akwai ni, da Malam Yohanna ma'aikacin asibiti, maƙwabcina a unguwar Nasarawa, da wata tsohuwa mai kwandon soyayyen kifi. Wallahi abin da zan faɗa ya faru da ni, kuma ni ba mutum ne mai wasa da rantsuwa ba.

Bari in fara daga farko. Karatuna bai yi nisa ba, akawu ne ni a ofishin gona, amma tun ina yaro ba abin da nake so kamar labarin bincike, a yi ɓarna a ɓoye, a bi sawu har a kama mai laifi. Sai na fara rubuta nawa. A cikinsa an ƙone rumbun shinkafar wani attajiri a tsallaken gulbi, na shirya cewa wani saurayi Ɗanjumma ne ya yi, mai jirgin fito kuma ya ba da shaida a kansa. To, babin ƙarshe ya ƙi zama. In na rubuta sai in yage, har na yi alkawari in wannan watan ya mutu ban gama ba, na bar rubutu har abada. Takardun suna kulle a akwatina a gida, ko maiɗakina ba ta san abin da ke ciki ba.

Mun yi nisa sai tsohuwar nan ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Kai, ɗan nan, mi Ɗanjumma yay yi maka?"

Na ce, "Inna, wane Ɗanjumma?"

"Ɗana mana, wanda kaka son ɗaurewa! Ba kai da bakinka kac ce tun yana ƙarami tsoron ruwa shikai ba? To ta ina ya ƙetare gulbi, tashi sama yay yi? Tahi ka tambayi mai jirgi inda ya kwana."

Jama'a, gaba ɗaya na manta na rubuta haka a babi na biyu! Nan take labarin ya warware a kaina, mai jirgin da ya yi shaida shi ne mai laifin. Na fashe da dariya, ni da ko a biki ba a cika ganin haƙorana ba.

Malam Yohanna ya ce, "Maƙwabci, lafiya? Ashe kana da haƙora!"

Tsohuwa ta ce, "Ƙyale shi, yau Allah ya buɗe mai kai."

Kafin mu shiga Argungu ta sa direba ya tsaya a wani fili, ba gida ba bukka, sai fadama. Ta sauka, ta miƙo mini kifi guda, a nan na ga tabon ƙuna a bayan hannunta na hagu. Uwar Ɗanjumma layi ɗaya tak na ba ta a littafin, kuma da wannan tabon na siffanta ta. Da mota ta tashi na waiwaya ta tagar baya, Malam Yohanna ma ya waiwaya, ba kowa a hanya.

Kifin kam mun raba mun cinye, ya yi daɗi ƙwarai. Na koma gida na duba akwati, yana kulle yadda na bar shi. A makon nan na gama littafin, aka buga shi, wasu suka biyo baya, kuma tun daga ranar ba na ɗora wa kowa laifi a labari sai na koma babi na farko na bi sawunsa da adalci.

Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi, sannan in yi murmushi. Roƙona gare ku, duk wanda ya hau motar Argungu ya ga tsohuwa mai kifi da tabo a hannun hagu, don Allah ya gaishe ta da ladabi, ya gaya mata an sallami Ɗanjumma, har na yi masa aure a shafin ƙarshe.