Madacin Bayan Ɗakina

Asibitin da na haifi ɗana na fari ƙarami ne, a bakin hanyar fita daga Kafanchan, kuma likitan wurin ya fi zama a bayan ginin fiye da ofishinsa. In kin je nemansa sai nas ta ce ki zagaya. Can za ki same shi a tsugune, ya naɗe ƙafar wando, yana ba ƙananan itatuwa ruwa a gwangwanayen madara. Mu matan zumuntar coci mun sha yi masa dariya, muna cewa an tura shi karatun allura ya dawo da aikin lambu.

Ba ya jin haushi. Yakan ce rabin ciwon da muke kawo masa daga rafi yake fitowa, rafin kuwa ya lalace ne tun da muka sare itatuwan bakinsa muka yi gawayi. Ya daddasa wasu a can, awaki suka ci, masu neman itacen girki suka ƙarasa sauran. Sai ya biyo mana ta al'adarmu. A wajenmu in mace ta haihu, tsofaffi kan binne mabiyiya a bayan ɗaki, wurin nan kuma ba mai kai masa fartanya ko gatari. Tun daga nan, duk wadda ta haihu a hannunsa da gwangwani ake sallamarta, ta je ta dasa daidai wurin.

Ni madaci ya ba ni. Na ce, Likita, ko mangwaro ne ai yaro ya sha. Ya ce mangwaro kowa na da shi, wannan sai ya ga jikokina.

In ya shigo ƙauyenmu a kan babur yin rigakafi, itacen yake fara tambaya. "Maman yaro, yaya madaci?" Sai na amsa tukuna yake cewa, to yaron fa? Da ya tsufa ya koma garinsu wajen Zangon Kataf. Rasuwarsa ma a sanarwar coci na ji ta, wata Lahadi.

Madacin ya wuce rufin ɗakina, ya yi kaurin da ba na iya rungumarsa. A inuwarsa nake yanka citta in shanya. Yaron kuwa ya girma, ya tafi birni, can Sabon Tasha, ya yi aure, zuwansa gida ya koma Kirsimeti kawai. Ni ba mai yawo ba ce, mota ma juya mini ciki take yi. In kewarsa ta dame ni sai in ja kujera in jingina da itacen, in yi ta ba shi labarin unguwa.

Bara ya kira ni ya ce gininsa ya kai rufi, katako ya yi tsada, zai turo mai inji ya yanke madacin.

"Mama, ai nawa ne, ko ba haka ba?"

Nasa ne, ban da bakin musu. Amma da mai injin ya zo na ba shi kunu, na ce ya koma, sai mai itacen ya zo da ƙafarsa. Na sa rai in ya tsaya a gindinsa zai fasa.

Ya zo. Ya daɗe a tsaye, ya ɗaga kai yana kallon rassan, ya dafa jikin itacen. Sannan ya ce mini yara sun gaji da gidan haya, in yi haƙuri. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, amma ƙarar injin ba ta bar ni ba.

Yanzu ranar yamma har kan gadona take shigowa. Ya ce rufin ya yi kyau, an ware mini ɗaki, in zo in gani. Na ce sai an gama tonon citta. An gama, ban tafi ba tukuna.