Shekarar da Kawuna Ya Yi wa Sabon Birni Kokawa

Ba ni iya rantsewa a kan shekarar, don fari ya jera mana shekaru har sun haɗe a kaina. Abin da na tabbata shi ne ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa a Sabon Birni, gero kuma ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba.

Mu mutanen wata unguwa ce a gefen gari. Kakanninmu sun gangaro daga ƙasar Adar a wani fari da ya riga wannan, da jakuna da igiyoyi, sana'arsu haƙar rijiya. Gidajenmu ba su kai ashirin ba, in ban yi kuskure ba. Nan aka haife mu, nan muka binne iyaye, amma 'yan cin rani ake ce mana, wato baƙin da ke komawa gida da zarar ruwa ya sauka. Ina jin ba da ƙiyayya ake faɗa ba. Sai dai ana faɗa.

Bayan rijiya, da kokawa aka san mu. Wanda ya yini yana jawo guga cike da laka ba ya rasa damtse. Kakana ya yi, ƙannensa sun yi, amma duk a dandalin unguwa. In gari zai kara da wani gari, ba a kiran namu.

A shekarar nan samarin gari sun watse neman abinci. Mu aiki ya riƙe mu, don rijiyoyi sai ƙafewa suke yi. Sai mutanen garin Isa suka aiko cewa ko ba a girbe komai ba za a yi kokawar kaka, kada zukata su mutu. Dattawa suka ɗora mini rubuta sunayen 'yan kokawa, tunda ni ne mai karatu. Takardar gurbi biyu gare ta, suna da gari.

Mutum biyar ake so, huɗu aka samu. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya tare ni a bakin wata rijiya, jikinsa duk laka, ya ce in sa shi. Na yi ta kewaye-kewaye. Na ce ƙa'ida ɗan gari ta ce, kuma shugaban dattawan, wanda tsohon ɗan kokawa ne, yana iya soke shi. Na ce ko in rubuta baƙo a gurbin gari, ya shiga fage amma ba a lissafa mana kayensa ba. Ya yi dariya.

"Malam mai digiri, ɗan cin rani sai ruwa ya sauka shi kan koma. Ga sama nan, duba. Ina za ni?"

Kwana biyu takardar tana aljihuna. Daga baya na rubuta Sabon Birni a gaban sunansa, da ƙananan baƙaƙe, kamar hakan zai rage laifin. Da nake karanta wa dattawa, shugaban ya tsai da ni ya tambayi ɗan wane ne. Na faɗa.

"A bar shi, a cika biyar," ya ce. "Amma in ya faɗi, faɗuwa tashi ce, ba tamu ba."

Ya kamata in ce wani abu. Sai na naɗe takardar na mai da aljihu.

Da la'asar aka yi, a wani fili kusa da kasuwar Isa. 'Yan kokawa duk sun rame, walki na yi musu yawa, amma makaɗa ba su rage komai ba. Namu huɗu suka faɗi da wuri. Kawu ya ka da wani mutumin Turba, ya ka da na Bafarawa. A unguwarmu yanzu ana cewa sama da kai ya ɗaga na biyun. Ni dai iyakar ƙirji na gani. Na uku ƙaton Isa ne. Suka daɗe a sarƙe, har Kawu ya kai gwiwa da hannu ƙasa. Kaye ne na gaskiya, ba ni da ja.

Mutanen Isa suka ɗauki waƙa, wai sun ka da Sabon Birni. Na duba inda shugabanmu yake zaune, ban gan shi ba. Ashe yana tsakiyar fage yana musu da alƙalin wasa cewa santsi ne, yana kakkaɓe wa Kawu baya da hannun rigarsa. A mota, muna komawa, shugaban ya juyo ya dubi Kawu.

"An ka da mu bana, ɗana. Baɗi kai ka fara shiga."

Da labari ya isa unguwa, mata suka yi ta guɗa, har maƙwabta suka zo tambaya ko mu muka ci. Mahaifiyata ta ce a'a, kaye muka sha, ta ci gaba da guɗarta. Mako na zagayowa, samarinmu uku suka ɗaura walki suka nufi dandalin tsakiyar gari, ba wanda ya tare su.