Inuwar La'asar a Cikin Akwatin Jirgi

A shekarun da farar hula suka dawo mulki, lokacin da benaye ke tsirowa a Abuja kamar an yi shuka, na samu aikin shara da goge-goge a wani wurin koyar da tuƙin jirgin sama, can hanyar filin jirgi. Daga Kuchigoro nake zuwa. Ban yi boko ba, har yau ban iya duba agogo ba, amma ban taɓa makara ba, kuma ba a taɓa lakato ƙura a inda na wuce ba.

A babban ɗakin akwai wani farin akwati, girmansa ya kai shago, tsaye bisa ƙafafun ƙarfe. Ba ya zuwa ko'ina. In ka hau matakala ka shiga, kujeru biyu ne da maɓallai ba iyaka, sai tagogi a gaba. Ta tagogin nan filin jirgi kake hangowa, da hasumiyarsa, da duwatsunmu, da sararin sama. Ranar farko da na shiga da tsummana sai da na yi salati na dafa ƙofa. Ɗan Adam ya kwaikwayi sama ya zuba a akwati! Malamin tuƙi kan zauna a baya ya latsa wani abu, sai hadari ya haɗo, akwatin ya kama rawa, ɗalibi ya fito sharkaf da gumi, alhali a waje rana ƙwal.

Wata damina abin ya soma rikicewa. Akwai wani ɗan gilashi tsakanin kujerun da ke nuna wa matuƙi inda hadari yake. Sai ya nuna hadari ja zur a gaba, taga kuwa garau. Wani lokaci ruwa na dukan taga, gilashin na cewa lafiya lau. Ba kullum ba, shi ya fi ba su haushi. Injiniyan wurin, wani mutumin Filato mai yawan dariya, ya kwance wayoyi ya mayar, ya sake loda wa na'urorin abin da ake loda musu. Ya yi kyau kwana biyu, ya dawo.

Sai manaja ya lura cewa da safe ake tarar da ɓarnar, bayan na gama aikina. Ya kira ni ofis, bai ce in zauna ba.

"Mama, jiƙaƙƙen tsummanki ne. Zuwa Juma'a in ba a gano wani dalili ba, za mu sauya mai shara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsumman da nake shiga da shi ya fi maƙogwaron mai azumi bushewa."

Bai yi dariya ba. Ni ma ba don dariya na faɗa ba. Aikin nan shi ke riƙe da gidana, amma abin da ya fi ci mini rai a ce na yi ɓarna.

Ran Laraba da hantsi na shiga goge tagogin, an bar su a kunne kamar kullum. Ni kuwa da inuwa nake sanin lokaci, haka uwata ta koya mini a gona: ka dubi inda ta kwanta da tsawonta, ka san ko sallah ta yi. Ko ina na shiga sai idona ya nemi inuwa. Na dubi ta hasumiyar nan. Kullum da safe yamma take kwantawa. Ran nan ta miƙe gabas, doguwa, irin wadda in na gani nake neman buta.

Na sauko na sami injiniya ya dafe kai.

"Ɗana, a cikin akwatinku la'asar ta yi."

"Mama, ka bar ni da wasa, kaina tana ciwo." Haka Hausarsa take.

"Na yi maka kama da abokiyar wasanka? Tashi."

Ya bi ni. Na nuna masa. Ya dubi inuwar, ya dubi agogon hannunsa, ya juyo gare ni.

"Kin taɓa ganin haka?"

Na ce na taɓa, na ɗauka ganin damarsu ne. Na lissafa masa: ran kasuwar Karshi da ta wuce, da ran da aka yi iskar da ta cire kwanon mai gadi. Duk ranakun nan, da na iso na ji janareta na ruri, an ɗauke wuta kafin gari ya waye.

Ya zabura har ya buga goshi a ƙofa. Daga baya ya yi mini bayani. Ashe na'urori biyu ne, ɗaya na zana abin da ke taga, ɗaya na kula da ɗan gilashin, kowacce da agogonta. Batirin agogon mai zanen ya mutu, in wuta ta ɗauke sai ta farka a wani lokaci dabam, ta zana saman da ba na sa'ar ba. Ya ɗora mini batirin a tafin hannu. Bai fi maɓallin riga ba. Na daɗe ina juya shi. Wannan ɗan abin ne ya riƙe rana a wurinta.

Ran Juma'a manaja ya ce, "Mama, a yi haƙuri." Na ce ya wuce, amma a daina yanke hukunci kafin a duba.

Injiniya ya ce sai na hau akwatin an tashi da ni. Suka ɗaure ni a kujera, malamin tuƙi ya zauna a gefena. Ƙasa ta gudu, duwatsu suka koma kamar curin tuwo. Hadari ya taso daga gabas, ɗan gilashin ya yi ja daidai inda yake. Muka kutsa, ruwa na dukan taga, ina ta hailala. Can sai muka ɓullo ta sama. Fari fat a ƙarƙashinmu kamar an shanya auduga, rana na nan abinta. Duk daminar da na yi a duniya ban san tana nan a bayan hadari ba.

Malamin tuƙi ya ce, "Mama, tsoro?"

Na ce, "Yi mini shiru, ina kallo."

Da muka sauka na ga shatin yatsunsa a jikin taga. Na ɗauko tsummana.