Rauta Mai Ƙaho Biyu

Cikin duk ranakun da na yi a shagon nan, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da Hajiya Dije ta zo daga Tiga neman rauta mai ƙaho shida. Ku da kuka fara aiki kwanan nan kuna yawan tambayata, wai Anti Saratu me ya sa ba ma miƙa wa mutum rauta sai mun taka gidansa? To ku gyara zama ku ji abin da ya zaunar da ni a kan wannan ƙa'ida.

Damina ce, shekarata ta farko a nan Kwanar Ɗangora, ina matakin mai jiran kanta. Ga wanda bai san tsarinmu ba, daga jiran kanta ake zama mai awo, wato wanda ke zuwa gidan mai saye ya gwada ƙarfin sabis ɗaki-ɗaki, daga nan kuma sai mai haɗawa. Ita rauta ɗan akwati ce da ke jawo intanet daga waje ta rarraba wa wayoyin gida ba tare da igiya ba, ƙahonin kuwa su ne 'yan sandunan nan da ke tsaye a bayanta. Oga Nafi'u, mai shagon, ya ɗauke ni ne saboda yawancin gidajen Kiru da Bebeji ba shiga ne, namiji iyakarsa zaure. Amma har lokacin bai taɓa aika ni awo ba, ni kuma abin yana cina a rai.

Hajiya Dije dattijuwa ce doguwa, mai magana a hankali. Bayan mun gaisa ta ce, “'Yar nan, ɗana da ke Kano ya ce in nemi mai ƙaho shida. Wai ita ce ta wasa.”

Raina ya yi fari ƙal, domin muna da guda ɗaya da ta daɗe a saman kanta tana shan ƙura, ni ce mai goge ta kullum. Na sauko da ita ina tambaya, “Inna, wa zai yi wasan?”

“Malam ne da abokin wasansa.”

Ni da na saba da samari masu gem, wato wasannin waya da kwamfuta, sai na ɗauka abokin buga gem take nufi. Na ce, “Wane iri suke yi, na ƙwallo ko na harbi?”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Wane harbi kuma? Babarbare ne.”

Oga Nafi'u yana ciki yana gyaran waya, sai da ya ajiye abin da ke hannunsa don dariya. Ya fito ya gaishe ta, ya sa na kawo mata kujera da ruwa, ya ce ta ba mu labarin daga tushe.

Mijinta, Baffa Buba, Bafulatani ne, tsohon ma'aikacin ruwa a madatsar Tiga. Abokin aikinsa Baba Bukar kuwa Babarbare, kun san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa na cewa ɗaya bawansa ne. Tun suna samari, in an tashi daga aiki sai su zauna gindin darbejiya su yi ta buga dara suna zagin juna har a kira magariba. Da suka yi ritaya Baba Bukar ya koma Maiduguri. Ba a jima ba hawan jini ya kayar da Baffa Buba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, magana sai da ƙyar, ita ma Hajiya kaɗai ke ganewa. 'Ya'yansu suka haɗa baki aka sa musu darar waya, wadda mutum biyu ke bugawa ko da ba gari ɗaya suke ba. Baffa yana tura 'ya'yan dara da hannun hagu, wayar Hajiya kuma tana gefe a buɗe suna jin muryar Baba Bukar.

Matsalar ita ce sabis ɗin ɗakin. Ana tsakiyar wasa sai ya ɗauke, ita kuwa manhajar in ta ɗan jira ba ka dawo ba sai ta rubuta ka fita, ta ba ɗaya nasara. Nan take Baba Bukar zai kwashe da dariya ya ce, “Bafulatani ya gudu. Dama ku da kun ga wuya sai ƙaura.” A da Baffa zai rama goma kafin ya rufe baki. Yanzu amsar tana cikinsa, harshe ya ƙi ɗaukowa. Kuma saboda kunya irin ta Fulani ya hana a gaya wa abokinsa yadda ciwon ya kai, Baba Bukar yana can yana zaton ƙafa ce kawai ta sami matsala. Ranar da abin ya ishe shi sai ya kife wayar, ya juya fuska bango.

Hajiya ta ce, “Tun ranar ko furar ma sai na yi da gaske yake kurɓa. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki yana gwada magana, ya ƙi. Ni dai ku ba ni abin da zai hana a sake ce masa ya gudu.”

Oga ya ɗauki mai ƙaho shidan ya juya bayanta ya nuna mata. “Hajiya, wannan ko kyauta na ba ki ado kawai za ta yi miki. Ba ta da wurin sa layi, igiyar intanet take jira, ku kuma babu ita a Tiga. Ba ta da batir, da an ɗauke wuta ta mutu. Ɗanki bai yi ƙarya ba, amma gidan birni ya gani.” Sannan ya juyo gare ni ya ce, “Saratu, gani ya kori ji. Ɗauki jakar awo ki bi Hajiya.” Ya sa mini rauta iri uku a jakar da layukan kamfanoni daban-daban, bai ƙara ko kalma ɗaya ta gargaɗi ba. Wannan yarda da ya yi mini ina ganin girmanta har gobe.

A mota na yi ta maimaita abin da ya koya mini. Wasa ba gudun intanet yake buƙata ba kamar kallon fim, abin da yake so shi ne kada amsa ta yi jinkiri, kuma kada ta yanke. Shi ne masu gem ke kira ping. Layin da ke tafiya a hankali bai tsaya ba ya fi mai gudu da tuntuɓe.

Ɗakin ginin ƙasa ne mai kauri, rufin kwano, taga ɗaya ƙarama a can sama. Baffa Buba yana kwance fuskarsa bango. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗan ɗaga hannu bai juyo ba. Na bi kusurwa-kusurwa da layukan nan. Wajen gado babu komai sai ɗigon sabis mai zuwa yana tafiya. A bakin ƙofa da ɗan dama, amma yana rawa. Da na taka kujera na miƙa hannu saitin tagar, sai layi ɗaya ya cika ya tsaya cak. Sai dai wurin nan saman kabad ɗin Hajiya ne, kuma cike yake da kwanukan jerenta, tasoshi da samiru an ɗora su har suna taɓa rufi, sun tare rabin tagar. Ƙarfe kuwa abokin gabar sabis ne.

Na daɗe ina juya yadda zan faɗa mata, domin ni ma 'yar Kiru ce, na san abin da jere yake a wurin mace. Da na faɗa sai ta ɗaga kai ta dubi kwanukan.

Ta ce, “Tun da aka kawo ni gidan nan ba a taɓa sauke su ba sai don wanki.”

Na ce, “Inna, ko mu gwada bakin ƙofa, in ya so...”

“Can ɗin ba ya yankewa?”

“Yana yankewa.”

Ta ɗaure zani ta ce in sauko. Da kanta ta hau kujerar, tana miƙo mini su ɗaya bayan ɗaya ina jerawa a ƙasa.

Cikin ukun da na kawo, mai batir da ƙaho biyu ce ta fi riƙe layin. Na kunna ta, na cire ta daga wuta na nuna wa Hajiya cewa ba ta mutu ba, na haɗa wayoyin biyu. Ta ɗauko wani ƙyalle mai saƙa za ta lulluɓe ta saboda ƙura, na ce a'a, zafi zai kama ta. Ta ce, “Haka za a bar ta tsirara?” Sannan ta ƙare mata kallo da ɗan rainin nan, ta ce, “Ni da aka ce shida, na ƙare da biyu.”

Sai muka ji motsi. Ashe ƙarar kwanukan ta sa Baffa ya juyo tun ɗazu yana kallonmu. Ya ɗaga yatsu biyu ya yi wata magana da ban gane ba. Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, “Wai saniyar kirki ƙaho biyu gare ta.”

Aikin awo ba ya cika sai an gwada da abin da aka saya dominsa, don haka na karɓi wayar Hajiya na fita tsakar gida na kira Baba Bukar. Na yi masa bayanin ko ni wace ce. Ya saurara, sannan muryarsa ta sauka. “'Yata, tsakaninki da Allah, me ya sa bawan nan nawa ba ya ramawa? Tun muna samari bai taɓa bar mini magana ta kwana ba.” Wannan ba hurumina ba ne. Na miƙa wa Hajiya wayar, ta shige madafi da ita, ta jima kafin ta fito idanunta jajur.

Bayan la'asar aka jingina Baffa da matasai. Da farko ya ƙi karɓar wayar, sai da muryar Baba Bukar ta cika ɗakin, yana cewa ko an ƙaura da dabbobin ne har yanzu ba a yada zango ba. Baffa ya ja wayar. Ni idona yana kan fitilar rautar, don na san in ta yanke sau ɗaya shi ke nan, ba za a sake samun kansa ba. Ana cikin wasa aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Fitilar ba ta ko ƙifta ba. Baffa ya ci ɗa ɗaya, aka ci nasa, ya ci biyu a jere. Baba Bukar yana ta surutu, yana cewa sa'a ce kawai.

Can wasa ya zo gangara, sai gefen Baba Bukar ya tsaya. Baffa ya jira, ya ƙwanƙwasa fuskar wayar da yatsa. Na leƙa da sauri ina zaton namu ne, na ga namu lafiya lau. Sai rubutu ya fito cewa abokin wasa ya fita. Na karanta masa.

Baffa Buba ya ja numfashi, leɓensa yana rawa. Ya sunkuya kan wayar Hajiya ya ce, “Ya… gudu.” Ya sake cewa, wannan karon tas, har ni na ji, “Babarbare ya gudu.”

Baba Bukar ya hau rantse-rantsen wasa yana tsine wa sabis ɗin Maiduguri, Baffa yana dariya da rabin baki har da hawaye. Hajiya ta fita wai za ta dama fura, amma na ji ta a bayan ƙofa tana ta godiya ga Allah. Ni kaina sai da na share ido.

A hanyar komawa, irin ɗokin sabon ma'aikaci, na kira Baba Bukar don in ba shi shawarar inda zai riƙa zama saboda sabis. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, “'Yata, sabis ɗina cike yake, gidana kusa da ƙarfen sabis yake. Da hannuna na kashe wasan. Kada Bafulatanin nan ya ji.”

Da kaka ta yi Hajiya Dije ta dawo shago, fuskarta a sake. Ta ce Malam yana takawa da sanda har zaure, maganarsa tana fita sosai, musamman in zagin Barebari ne. Ya aiko ta ta sayi mai ƙaho biyu irin tasu sak, a ba direba ya kai Maiduguri, wai don bawansa ya daina gudu. Na dubi Oga, don shi kaɗai na gaya wa sirrin. Ga rauta za a saya wa mutumin da ba ya buƙatarta, gidan da ba mu auna ba, abin da bai taɓa yarda da shi ba. Ya ɗan yi murmushi ya ce, “Saratu, naɗe mata. Wannan an riga an auna.”

Daga ranar na zama mai awo. Ina gode wa Oga da ya hana ni sayar da abin da nake ɗokin rabuwa da shi, ina gode wa Hajiya da ta sauke jerenta ba tare da ta sa na ji kunya ba, ina kuma gode wa tsofaffin nan biyu. Abin da na koya shi ne, wanda ya ce maka don wasa yake neman rauta, kada ka raina wasan, ka tambayi wa zai yi, da wa, a wane ɗaki, sannan ka je ka gani da idonka. Maganar Baba Bukar kuwa ku riƙe ta a cikin shagon nan, domin har yanzu suna bugawa, kuma Baffa Buba yana nan yana gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa Babarbare ya taɓa gudu.